Idan Gwajin Hali Ya Sauya Harshe

A shekarar 1943 Jami'ar Minesota da ke Amurka ta fitar da gwajin da ake kira MMPI, aikin Starke Hathaway, masanin halayyar ɗan Adam, da J. C. McKinley, likitan ƙwaƙwalwa. Jumloli ne sama da 500, mutum ya karanta kowace ya ce gaskiya ce ko ba gaskiya ba ce game da kansa. Daga amsoshin ake auna ƙuncin rai, da yawan zargin mutane, da rikicewar tunani, da makamantansu. An sabunta shi a 1989 da jumloli 567, an juya shi zuwa harsuna masu yawa, kuma ana dogara da sakamakonsa a asibiti, da kotu, da wajen ɗaukar ma'aikata.

Abin da ya kamata ɗalibin kimiyyar harshe ya fara lura da shi shi ne yadda aka zaɓi jumlolin. Ba ma'anarsu aka bi ba. An ba majinyata su, an ba masu lafiya, duk jumlar da amsarta ta raba rukunin biyu sai a riƙe ta. Su kuwa masu lafiyar mutum 700 ne da ƴan kai, akasarinsu ƴan uwan majinyata da masu zuwa dubiya a asibitin jami'ar, fararen fata, galibi mutanen karkara masu karatun shekara takwas. Ke nan "lafiyayye" a wannan awo shi ne mai amsawa kamar mutumin Minesota na wancan zamani. Gyaran 1989 ya faɗaɗa rukunin zuwa mutum 2,600, amma dai Amurkawa ne.

A ɗauka an kawo irin wannan gwaji Maraɗi ko Damagaram. An rubuta shi da Ingilishi, ya iso da Faransanci, tafinta kuma ya juya shi da baki zuwa Hausa a gaban likita. Cikin jumlolin akwai masu tambaya a kan shigar iskoki jikin mutum da jin muryar da wasu ba su ji. A Minesota, amsa "gaskiya ce" ta fi fitowa daga majinyata. A Dogon Dutsi, inda bori yake da tarihi mai tsawo, mace mai cikakken hankali tana iya ba da wannan amsa, kuma ba ta faɗi abin da zai ba maƙwabtanta mamaki ba. Fassarar ba ta da aibi, amma makin da aka ba amsar na wata ƙasa ne.

Haka kunya take. Uwar da ba ta ambatar sunan ɗanta na fari, da saurayin da ba ya ɗaga ido gaban surukinsa, tarbiyya suke nunawa. Takarda kuwa tana iya lissafa su cikin masu gudun jama'a. Majinyacin da aka tambaya jikinsa ya ce "da sauƙi", alhali ko zama ba ya iyawa, ba ƙarya ya yi ba. Sai dai gwajin yana da ma'auni na musamman don kama mai ɓoye damuwarsa, kuma a can irin wannan haƙuri zai faɗa.

Akwai kuma tarkon nahawu. Bahaushe idan aka ce masa "Ba ka yi barci ba?" ya ce "I", nufinsa bai yi ba: zancen mai tambaya ya gaskata. Bafaranshe da "non" zai amsa a nan, ya ajiye "si" don musantawa. Jumlar korewa guda ɗaya ta isa ta juya amsa, idan tafinta bai ankara ba. Kalmar zuciya ma ba ta da tabbas: "zuciyata tana damuna" na iya zama kukan mai ciwon ƙirji, na iya zama na mai ɓacin rai. Dabarar da Richard Brislin ya yaɗa a 1970, wato a fassara, wani dabam ya mayar da fassarar zuwa harshen asali a gwada, tana kama kuren kalma. Ba ta kama ko ɗaya cikin waɗannan.

Matsalar ta fi haka zurfi a gwajin ɗabi'a. Tsarin da ya kasa halin mutum gida biyar daga ƙamus ya samo tushe: a 1936 Allport da Odbert sun tsamo kalmomin siffanta mutum kusan 18,000 daga ƙamusun Ingilishi, waɗanda suka biyo baya suka yi ta tacewa. Da Michael Gurven da abokan aikinsa suka gwada tsarin a kan mutanen Tsimane na Bolibiya, rahotonsu na 2013 bai sami gidajen biyar ba, biyu suka fito, son jama'a da ƙwazon aiki. Da ƙamusun Bargery aka fara tsamowa, da wuya kunya, haƙuri, amana da mutunci, waɗanda Kirk-Greene ya jero a nazarinsa na mutumin kirki a 1974, su rasa gida nasu.

Kuskure ne kuma a karkata ɗaya gefen, a riƙa cewa kome al'ada ce. Mai taɓin hankali na gaske yana nan a Tawa kamar yadda yake a Minesota, kuma idan aka kira muryoyin da ke hana shi barci "imanin mutanensa", an hana shi magani. Danginsa ma sun san bambanci tsakanin wanda iska ta hau a fagen wasa da wanda ya daina gane gida.

A Zimbabuwe an bi wata hanya. Vikram Patel da abokan aikinsa sun fara da sauraron kalmomin da masu jin harshen Shona suke kai kukansu da su wajen masu jinya da masu maganin gargajiya. Daga nan suka gina gwaji mai tambaya 14, wanda aka buga a 1997, kuma a cikinsa akwai "kufungisisa", wato yawan tunani. Kalmar ta shiga littafin DSM-5 na likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka a 2013. Bahaushe ma yakan ce tunani ya yi wa wane yawa har ya rame. Rarrabe wannan daga baƙin ciki, takaici, damuwa da ƙunci, da gano wanne Bamaraɗe yake furtawa a inda Badamagare zai zaɓi wani, aiki ne da sai masanin harshe ya gama shi kafin likita ya fara ƙirga maki.