Yadda A Kan Cire Inji Daga Matacciyar Mota

Gusau ita ce hedkwatar Jihar Zamfara, wadda aka kafa a shekarar 1996. Babbar hanyar mota ta ratsa garin. In an nufi wajen Funtuwa da Zariya a kan bi ta Tsafe, in kuwa an nufi Sakkwato a kan bi ta Bunguɗu. Kullum motoci suna kai da kawowa a kan wannan hanya, ɗauke da mutane da hatsi da dabbobi.

Mota ita ma tana tsufa kamar kome. Wata ta kan yi haɗari jikinta ya murƙushe, amma injinta lafiya lau. Wata kuma jikinta da kyau, amma injinta ya buga. To, direban da injinsa ya buga ya shiga uku, gama da motar nan ya ke ciyad da iyalinsa, sabon inji kuwa tsada gare shi. Saboda haka sai ya nemi makanike, su tafi wurin masu sayen matattun motoci, su nemo tsohon inji mai sauran ƙarfi.

Makanike mai hankali ba ya gaggawa. Da fari ya kan zaro sandar awon baƙin mai, ya duba. In ya ga man ya yi fari-fari kamar an zuba masa madara, ya san ruwa ya shiga ciki, sai ya bar wannan inji. Sa'an nan ya sa sufana ya juya injin da hannu. In ya ƙi juyawa, to, ya ƙage ke nan. Bayan haka ya duba lambar da aka buga a jikin injin, a rubuta ta a takardar ciniki, don kada a sayi kayan sata.

In an shirya, aikin farko shi ne a cire wayar batir, domin wuta kaɗan in ta haɗu da fetur sai gobara. Daga nan a tsiyaye baƙin mai da ruwan lagireto, kowanne a mazubinsa. Ba a zubar da baƙin mai a ƙasa, balle kusa da rijiya, don yana ɓata ruwan sha. Sai a fitar da lagireto, a kwance wayoyi, da tiyon fetur, da bututun salansa. A kan yi wa kowace waya alama, a tara notuna cikin gwangwani, don kada a rikice ranar ɗaurawa.

Yanzu sauran babban aiki. Injin ƙaramar mota ya kan fi buhun masara nauyi nesa, ba mai iya ɗaga shi da hannu shi kaɗai. Don haka a kan kafa ƙarafa uku masu ƙarfi bisa motar, a haɗa kawunansu, a rataya sarƙa mai ƙugiya. A tokare akwatin giya da jak ko da katako, a ɗaure injin da sarƙa sosai, kana a kwance notunan da suka haɗa shi da giya da kuma jikin mota. Mutum ɗaya yana jan sarƙa sannu sannu, wani yana dubawa ko da sauran wayar da aka manta. In injin ya ƙi tasowa, ba a ja da ƙarfi, sai a tsaya a nemi abin da ya riƙe shi.

A nan ne haɗari ya fi yawa. Maigidan gareji ya kan gargaɗi yaransa kada kowa ya sa hannu ko ƙafa a ƙarƙashin injin da ke rataye, gama sarƙa tana iya suɓucewa. In injin ya fito, a sauke shi bisa tsohuwar taya, a toshe ƙofofinsa da tsumma saboda ƙura.

Gangar jikin motar ma ba ta zama banza ba. 'Yan gwangwan su kan saye ta bisa awo, a kai masana'anta a narke, a yi rodin gini da ita. Direba kuwa ya ɗora injinsa ya koma bakin sana'arsa. Da ma Hausawa sun ce, da tsohuwar zuma a ke magani.

Tambayoyi

1. Waɗanne garuruwa a kan bi daga Gusau zuwa Funtuwa, da kuma zuwa Sakkwato?
2. Yaya makanike ke gane ruwa ya shiga inji?
3. Don me a ke fara cire wayar batir?
4. Me ya sa ba a zubar da baƙin mai kusa da rijiya?