Amsoshin Tambayoyinku: Me Ake Koyo a Falsafar Siyasa?

Tambaya: Ni ɗan Illela ne, na gama sakandare, ina son karanta falsafar siyasa a jami'a. Baba ya ce karatun surutu ne, gara in riƙa bin shi kara muna fataucin shanu. Me ake koyo a ciki?

Amsa: Ɗana, Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Abin da fannin nan ke bincike ka daɗe kana ganinsa a garinku. A watan Agustan 2019 aka rufe iyakokin Najeriya na tudu, ba a buɗe ta Illela ba sai Disamban 2020. Aka sake rufe ta a Agustan 2023 bayan juyin mulkin Nijar. Daga Abuja umarnin ya fito, amma waɗanda suka ji a jikinsu su ne direban da motarsa ta maƙale da kaya, da ɗan dako, da mai 'yan uwa a Birnin Konni. Wa ya ba shugaba ikon yanke irin wannan hukunci? Ina iyakar ikonsa? Wane haƙƙi talaka ke da shi a kansa? Waɗannan tambayoyin ake koya maka bi da hujja.

Za ka karanta Aflatun da Ibn Khaldun, da John Rawls na Amurka, wanda a littafinsa na 1971 ya nuna cewa tsari mai adalci shi ne wanda mutum zai yarda da shi tun bai san ko attajiri zai zama ko matalauci ba. Mu ma muna da namu. Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta Diya'ul Hukkam a Kano domin shiryar da masu mulki, Muhammadu Bello kuma ya rubuta wa Ummarun Dallaje na Katsina Usulus Siyasa.

A Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, wadda aka kafa a 1975, a sashen Kimiyyar Siyasa za ka sami wannan fanni, digirin shekara huɗu. Ka ƙarfafa Turancinka, domin karatun akwai yawa.

Damuwar Baba tana da tushe, digiri kaɗai ba ya lamunce aiki. Amma masu shi suna koyarwa, suna aikin jarida da na gwamnati. Ka zauna da Baba cikin ladabi, ka yi masa wannan bayani, ka kuma yi alkawarin bin shi kara lokacin hutu. Albarkarsa ka fara nema kafin ka cike fom.