Kumburin Pankiriyas: Abubuwan Da Ke Jawo Shi Ga Mutum Da Kare

Gabatarwa

A wani darasin fassara an ba mu kalmar pankiriyas, sai yawancinmu muka rubuta "saifa". Ni ma haka na rubuta, kasancewar Hausa ba ita na tsotsa a nono ba. Ashe kuskure ne. Saifa aikinta tace jini. Shi kuwa pankiriyas wata doguwar tsoka ce mai laushi da ke kwance a bayan tumbi, tsawonta kimanin santimita 15. Wannan muƙala za ta duba abubuwan da ke ƙara haɗarin kumburinsa da waɗanda ke rage shi.

Aikinsa Da Yadda Yake Kumbura

Aikinsa biyu ne: yana fitar da insulin mai daidaita sukarin jini, yana kuma zuba wa hanji ruwan da ke narkar da kitse da nama, fiye da lita ɗaya a kullum. Ruwan nan ba ya fara aiki sai ya isa hanji. Idan ya farka tun yana ciki, sai ya shiga narkar da gidan da ya fito. Wannan shi ne kumburin. Mai shi zai ji azababben ciwo a saman ciki yana ratsawa har gadon baya, ga amai. Da yawa kan ɗauka gyambon ciki ne, su tsaya sayen magani a kemis, alhali mai tsananin yana kisa.

Ga Ɗan'adam

Manyan dalilai biyu ne. Na farko tsakuwar matsarmama. Bututun matsarmama da na pankiriyas a ƙofa ɗaya suke shiga hanji, don haka ƙaramar tsakuwa na iya toshe su duka. Likita Eugene Opie ya bayyana haka a Amurka tun 1901. Wannan ya shafe mu ƙwarai, domin masu sikila na yawan samun irin wannan tsakuwa tun suna yara.

Na biyu giya. Pankiriyas bai san bambancin ta kwalba da burkutu ko ogogoro ba, yawan sha da daɗewa ana yi shi ne abin lura. In aka haɗa da taba sigari, haɗarin ya ƙaru. Akwai kuma yawan maiƙo a jini, ƙiba, hangum, macijin ciki da ya kutsa cikin bututu, da buguwa a ciki, kamar yaron da kan keke ya doka.

An daɗe ana zargin rogo, bayan da likitoci a Yuganda da Ibadan suka ga wani nau'in ciwon ga matasa matalauta marasa shan giya a shekarun 1960. Binciken baya-bayan nan bai tabbatar wa rogo laifin ba, ya fi karkata ga gado. Saboda haka kada mai karatu ya zubar da garinsa.

Barin giya da taba, rage ƙiba, da cire matsarmama ga wanda tsakuwa ta taɓa jawo wa ciwon, su ne suka fi rage haɗari.

Ga Karnuka Da Kyanwoyi

A Sahuda, kan iyakarmu da Kamaru, gidaje da dama na ajiye kare don gadi da farauta. Duk shekara tuwo da ƙashi yake ci. Ranar layya ko Kirsimeti kuwa sai a tara masa kitse da ragowar mai, wai a faranta masa. Namu ya taɓa kwana biyu yana amai bayan irin wannan biki, ya kifa ƙirji a ƙasa ya ɗaga ƙugu sama. Mun ce guba aka ba shi, har muka zargi maƙwabci ba gaira ba dalili. Likitan dabbobi a Mubi ne ya tambaye mu abin da ya ci.

Kitse mai yawa a lokaci guda, ƙiba, tsufa da ciwon sukari ne ke jefa kare cikin haɗari. Ita kyanwa sau da yawa ba a gano dalili, kuma ba lallai ta yi amai ba. Sai dai a ga ta ƙi abinci ta lafe a lungu, kuma idan ta wuce kwana biyu a haka hantarta ma na iya taɓuwa.