Amsar Tambaya: Injin Baba ya sha damina

Tambaya: Mahaifina ya bar injin sassaƙa ƙarfe a bayan gida, damina da rani suna ta dukansa. Zai gyaru, ko in kira 'yan gwangwan?

Amsa: Ɗan'uwa, dakata da 'yan gwangwan tukuna. Gangar jikin irin waɗannan injina ƙarfen zubi ne mai kauri, sau da yawa tsatsar a sama take tsayawa. Sai dai kada ka kuskura ka haɗa shi da wuta yanzu.

Fara duba doguwar shimfiɗar da mariƙin wuƙar injin ke zamewa a kanta. Jiƙa ta da kananzir, ka goge a hankali, banda takardar gurza mai kaushi. In ta yi santsi, madalla. In tsatsa ta ci ramuka, ko ka ga tsagewa, da wuya aikin injin ya ƙara fita daidai, kuma kuɗin gyaran na iya fin kuɗin injin.

Buɗe gidan giya ka tsiyaye ruwan da ya kwanta, sannan ka juya injin da hannu. Motar lantarkin kuwa ba abin damuwa ba ce, ana sake naɗa mata waya, ko ka nemi wata a Panteka ta Kaduna.