Kokon Hausa a birnin Tamale

Tamale babban birni ne a arewacin ƙasar Gana. Wanda ya tashi daga Yamai cikin mota, sai ya bi ta Wagadugu, ya nufi kudu, ya ƙetare iyaka a Paga, ya wuce Bolgatanga, sannan ya iso Tamale. Daga nan zuwa Akara, babban birnin Gana, akwai kimanin kilomita 600. Ƴan ƙasar wurin Dagwamba ne, harshensu Dagbani. Amma akwai Hausawa da yawa zaune tare da su tun kaka da kakanni.

Bulpiela unguwa ce daga cikin unguwannin Tamale. Yara, mu shiga mu ga abin da mutanenta ke ci daga safe har dare. Ku kasa kunne, za ku ji sunayen da kuka sani.

Da safe

Tun da asuba mai koko ta aza babbar tukunya a bakin hanya. Ƴan makaranta da ma'aikata da masu babur sun yi layi. Wani yaro ya matso da kwanonsa.

— Ina kwana, Hajiya?

— Lafiya lau, ɗana. Me za a zuba maka?

— Koko ludayi biyu, da ƙosai uku.

— A sa sukari?

— Kaɗan, Hajiya. Na gode.

A duk faɗin Gana ana kiran wannan koko «Hausa koko», wato kokon Hausa. Da gero ake yin shi. Sai a jiƙa geron, a niƙa shi tare da citta da kanumfari da barkono, a tace, a bar shi ya kwana ya yi tsami, sannan a dama. Ana shan shi da «koose» ko da «pinkaso». Kun gane su? Ƙosai ne da funkaso.

Da rana

In rana ta yi, sai a nufi rumfar mai «waakye». Wannan suna daga kalmar wake ya fito, domin shinkafa da wake ne. Ana dafa su da karan dafi, shi ke ba su launin ja. Mutanen Gana suna ƙara masu garin rogo da taliya da dafaffen ƙwai ko kifi. Suna kuma zuba wata baƙar miyar barkono mai suna «shito».

Wanda ke son tuwo kuwa, sai ya shiga gidan abinci ya nemi «tuo zaafi», wato tuwo mai zafi. Ana tuƙa shi da garin masara ko na gero. Galibi da miyar lalo ake ci, wadda suke kira «ayoyo».

Kayan marmari

Bayan abinci akwai kayan marmari. Ga fura da nono, su suna cewa «fula». Ga masa, ga ƙuliƙuli. Ga kuma «brukina», wadda ake yi da gero da nono mai sanyi. Daga sunan ƙasar Burkina Faso aka samo sunanta.

Da dare

Da magariba mai tsire ya hura wuta. A Gana «chichinga» ake ce wa tsire. Kusa da shi mai shayi ya jera gwangwanayen madara da burodi da ƙwai bisa tebur. Mutane suna zaune kan benci, suna shan shayi, suna hira. Wani na yin Dagbani, wani Hausa, wani Turanci. Duk tebur ɗaya ya haɗa su. Gaskiyar masu magana da suka ce: «Zo mu ci tuwo ya fi tuwon daɗi.»

Wa ya kai abincin nan Gana?

Fatake ne suka kai shi. A zamanin da, ayari kan tashi daga Kano da Katsina da Sakkwato zuwa ƙasar Gwanja. Madugu ke ja masu gaba. Sukan yi watanni bisa hanya, da jakunansu ɗauke da kanwa da tufafi da fatu. A kasuwar Salaga suke sayar da kayansu, su sayi goron da ake kawowa daga dazuzzukan Asante.

Wurin da fatake ke sauka shi ne zango. A zango mata kan dafa abinci su sayar wa matafiya. Wasu fatake suka yi aure, suka zauna, ba su koma gida ba.

A shekara ta 1892 aka yi yaƙin basasa a Salaga, kasuwar ta watse. Hausawa da yawa suka bazu cikin wasu garuruwa. A shekara ta 1907 Turawan Ingila suka mai da Tamale hedkwatar mulkinsu a arewa. Garin ya bunƙasa, baƙi suka yi ta zuwa. Har yau akwai unguwannin da ake kira zango a Tamale da Kumasi da Akara.

Baƙi ba su tarar da gari babu abinci ba. Dagwamba suna da nasu tuwo tun asali, suna ce masa «sagim». Baƙo ya ɗanɗana na ɗan gari, ɗan gari ya ɗanɗana na baƙo. Kowa ya koyi wani abu daga maƙwabcinsa. Shi ya sa «waakye» na Gana ya bambanta da shinkafa da waken da muke ci a gida.

Haka yake a wasu ƙasashe

Ba a Afirka kaɗai abinci ke bin matafiya ba. Can nesa, a kudu maso gabashin nahiyar Asiya, akwai wata ƙasa mai suna Maleshiya. Musulmin da suka zo daga Indiya suka buɗe rumfunan shayi a biranenta. Suna juya shayi da madara daga kofi zuwa kofi har ya yi kumfa, kamar yadda mai shayinmu ke yi. Suna kiran shi «teh tarik», wato shayin da ake ja. Yanzu kowace ƙabila ta ƙasar tana shan shi.

A maƙwabciyarta Singafo, an gina manyan rumfuna don masu sayar da abinci. Can ake samun girkin Sin da na Indiya da na Malayawa a wuri ɗaya. A shekara ta 2020 hukumar UNESCO ta sa wannan al'ada cikin jerin al'adun duniya da ya kamata a adana.

Abin lura

Wasu yara suna jin kunyar shan koko a gaban abokansu. Suna tsammani burodi da lemun kwalba ne abincin ƴan birni. Wannan kuskure ne. Gero yana ba jiki ƙarfi, wake yana gina jiki, nono yana ƙarfafa ƙashi. Kokon da yaro ke rainawa a gida, shi ne manyan ma'aikata ke bin layi su saya a Akara. Da cinikinsa kuma mata da yawa ke ciyar da iyalinsu, su sa ƴaƴansu makaranta.

Mu tuna

Abinci yana tafiya tare da mutane. Fataken goro sun kai koko da ƙosai da shinkafa da wake har ƙasar Gana. Mu girmama abincinmu, mu girmama masu dafa shi.

Kalmomi da Faransanci

gero : le mil
wake : le haricot
shinkafa : le riz
goro : la noix de cola
ayari : la caravane
falke : le commerçant
gidan abinci : le restaurant

Tambayoyi

1. A wace ƙasa birnin Tamale yake? Wane harshe Dagwamba ke yi?
2. Da me ake yin kokon Hausa?
3. Daga wace kalma sunan «waakye» ya fito?
4. Me fatake ke kaiwa Salaga? Me suke sayowa?
5. Me ya faru a Salaga a shekara ta 1892?
6. Ina kamar mai shayin Maleshiya da mai shayinmu?
7. Don me bai kamata yaro ya raina koko ba?

Aiki

1. Ku rubuta jam'in waɗannan kalmomi: tukunya, jaki, kasuwa, falke, rumfa.
2. Ku duba taswirar Afirka ta Yamma, ku nuna hanyar Yamai zuwa Tamale.
3. Ku tambayi iyayenku mata yadda ake dama koko a gidanku. Ku rubuta amsar cikin jimloli biyar, ku karanta wa aji gobe.