Wane Hoto Ya Dace da Wuyan Hannunka?

Wanda ya faɗi ya dafa ƙasa da tafin hannu, wuyan hannun ya kumbura, kada ya ce targaɗe ne ya garzaya wurin mai ɗori. Ƙananan ƙasusuwa 8 ne jere a wurin, gocewa kaɗan na iya sandarar da hannu har abada.

A fara da eksire, mafi araha. A tabbatar an ɗauka ta gaba da ta gefe, domin ta gefe ake gane karkatar bakin ƙashin damtsen ƙasa, wanda a lafiyayyen hannu yake sunkuyawa wajen tafi kimanin digiri 11. Idan hannu ya ɗan juya lokacin ɗauka, awon ya ɓaci.

Idan karaya ta shiga cikin gaɓa, hoton CT ya fi nuna tazarar gutsattsarin. Tudun da ya haura milimita 2 a tsakaninsu kan sa likita ya yi tunanin tiyata.

Eksire ya fita ƙalau amma gindin babban yatsa na zogi? A ɗaure hannun, a maimaita hoton bayan kwana 10 zuwa 14, ko a yi MRI, mai tona ɓoyayyar tsagewa da yagewar jijiya. A adana tsoffin hotuna, da su likita zai kwatanta sabbin.