Riƙon kwikwiyo a gidan da ke da 'yar mussa

Wasiƙar farko a yau daga Tsafe ta fito, wata baiwar Allah ce ta aiko, ta kuma roƙi a sakaya sunanta. Ta ce ƙanen mijinta ya taso daga ƙauye saboda matsalar 'yan bindiga, ya kama ɗakin haya a Gusau, ba shi da wurin ajiye kwikwiyon da karyarsa ta mutu ta bari. Sai ya kawo musu riƙo kafin Allah ya kawo sauƙi. Ita kuma tana da 'yar mussa wata biyu da haihuwa. Tun ranar da kwikwiyon ya shigo, mussar ta shige bayan randa, ko abinci ba ta fitowa ta ci. Tana tambaya yadda za ta yi.

Hajiya, Allah ya saka miki da alheri da kika karɓi wannan amana, domin kare a ƙauye shi ne idon gida da dare, mai shi kuma yana sa ran ya dawo ya same shi.

Abin da nake roƙonki, ki raba su tun yau. Ki ɗaure kwikwiyon a inuwa, can wajen turken awaki ko kusa da zaure, da kaskon ruwansa da na abincinsa. Mussa ki bar mata ɗakinta da tsakar gidan da ta saba. Dabbobin nan da hanci suke fara sanin juna. Ki samu tsumma, ki goga a jikin kwikwiyon, ki ajiye kusa da inda mussa take kwana, wani kuma ki goga a jikinta ki kai masa. Ki yi kwana uku ko huɗu a haka. Idan kin ga ta koma cin abincinta, tana shinshina tsumman ba ta gudu, sai a bari su ga juna, shi yana ɗaure da igiya a hannun babba, bayan ya ci ya ƙoshi, na ɗan lokaci kaɗan. Kada a ɗauke ta a kai ta gabansa. Ita za ta matso da kanta. Ki tabbata akwai wuri mai tudu da za ta haye, ko turmi a kife, ko buhun hatsi. Za ki ga ta tada gashi, ta gantsare, tana hura masa. Wannan ba komai, tana nuna masa iyakarsa ne. Abin tsoro shi ne ya ƙura mata ido, jikinsa ya sandare, ya daina jin kira. In kin ga haka, a janye shi, a sake gwadawa gobe. Kwikwiyo da baki yake wasa, mussa ta wata biyu kuwa girgiza ɗaya za ta iya karya mata wuya, don haka kada a bar su su kaɗai.

Sannan ki ja wa yara kunne. Na taɓa gani da idona yara suna cuna kwikwiyo a kan mage suna dariya, ya girma da wannan hali, har kajin maƙwabta bai bari ba. Ƙuruciyarsa ita ce sa'arki, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Ki kai shi wurin likitan dabbobi a ba shi maganin tsutsar ciki, idan ya cika wata 3 a yi masa allurar rigakafin ciwon haukan kare, irin wadda cibiyar binciken dabbobi ta Vom a Jihar Filato take haɗawa. Mussar ma tana buƙata. Don Allah kada a shafa musu fiya-fiya saboda kaska. Har maganin ƙuma da aka yi don kare, akwai mai kashe mage, haka ma farasitamol.

Saƙo na biyu daga Bungudu, wani bawan Allah yana tambaya yadda za a yi idan kare ya sa baki a kwano. Malam, a mazhabar Malikiyya da muke bi, kare mai rai ba najasa ba ne, amma ana wanke kwanon sau 7, an kuma yarda a ajiye kare don gadin dabbobi ko gona ko farauta. Sauran bayani ka tuntuɓi malamin unguwarku.

Sai wata uwa daga Tudun Wada a nan Gusau, ta ce kwikwiyon maƙwabta ya ciji ɗanta a ƙafa, ɗan jini ya fito, an shafa toka. 'Yar'uwa, idan kina jina, ki tashi yanzu ki wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu har minti 15, ki ɗauke shi zuwa asibiti, ko FMC ko na Yariman Bakura, ki gaya musu cizon kare ne. Ciwon haukan kare in ya bayyana a jikin mutum ba ya jin magani, allurar kafin ya bayyana ake yi. Ki roƙi maƙwabtan su ɗaure kwikwiyon kwana 10 ana lura da shi, kada a kashe shi, kada kuma ki jira cikar kwanakin kafin ki kai yaron.